Wa Zai Ce Ya Fita? Tarihin Dokar Buguwar Kai a Ƙwallon Ƙafa

Ranar 13 ga Yuli, 2014, ina cikin waɗanda suka cika wani gidan kallo a unguwarmu, muna kallon wasan ƙarshe na Kofin Duniya tsakanin Jamus da Ajantina a filin Maracana na Brazil. Wajen minti na 17, kafaɗar Ezequiel Garay ta daki fuskar Christoph Kramer, matashin ɗan wasan tsakiyar Jamus wanda aka saka a ƙurarren lokaci saboda Sami Khedira ya ji rauni wajen ɗumama jiki. Kramer ya zube, aka ɗan duba shi a gefen fili, ya dawo. Mu kuwa muka tafa masa, muna cewa namiji ne. Bayan kusan minti 14 ya sake zubewa, aka fita da shi a rirriƙe, André Schürrle ya karɓe shi.

Daga baya alƙalin wasan, Nicola Rizzoli ɗan Italiya, ya ba da labarin cewa a cikin waɗannan mintuna Kramer ya zo ya tambaye shi ko wannan ne wasan ƙarshe. Mutum yana gudu a gaban duniya baki ɗaya, bai san wasan da yake bugawa ba. Akwai koci a wurin, akwai likita, akwai alƙali, akwai kyamarori ta kowace kusurwa, amma babu wanda ya fitar da shi sai da jikinsa ya ƙi. Tarihin dokar buguwar kai a ƙwallon ƙafa kusan duk yana kan tambaya guda: a irin wannan lokaci, wa ke da ikon cewa ɗan wasa ya fita, kuma me zai rasa idan ya faɗa?

Kafin mu shiga tarihin, ya kamata a san raunin da ake magana a kai. Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin ruwa a ƙoƙon kai. Idan aka daki kai ko wuya da ƙarfi, sai ta girgiza, aikinta ya rikice na wani lokaci. Ba dole ne mutum ya suma ba, ba dole ne a ga jini ba, kuma sau da yawa hoton kai na asibiti ba ya nuna komai. Alamomin su ne jiri, tangaɗi, mantuwa, ciwon kai, amai, ko gani bibbiyu, wasunsu ma sai bayan sa'o'i ko kwanaki suke fitowa. Babban haɗarin shi ne a sake buguwa kafin ta farko ta warke. Ga kuma matsalar da ta bambanta shi da karaya ko targaɗe: gaɓar da ta ji raunin ita ce wadda ake tambaya ko tana lafiya.

Zamanin da babu canji

A shekarun 1950, babu canjin ɗan wasa a manyan wasannin Ingila. Wanda ya ji rauni ko dai ya daure, ko ya bar 'yan uwansa su goma. A wasan ƙarshe na Kofin FA na 1956, golan Manchester City, Bert Trautmann, ya yi karo da Peter Murphy na Birmingham City, ya ci gaba da tsaron raga na kusan minti 17, City ta ci 3-1. Sai bayan kwanaki hoto ya nuna ƙashin wuyansa ya karye. Shekara guda bayan haka, a wasan ƙarshe na 1957, golan Manchester United, Ray Wood, ya yi karo da Peter McParland na Aston Villa tun farkon wasa, ƙashin kumatunsa ya karye. Jackie Blanchflower ya shiga raga, shi kuma Wood aka dawo da shi ya riƙa ɗingishi a gefen fili don kawai a cika lissafi. Villa ta ɗauki kofin da ci 2-1. Har yau ana ba da waɗannan labarai a matsayin jarumta.

A kakar 1965-66 ne gasar lig ta Ingila ta yarda da canji guda, amma na wanda ya ji rauni kaɗai. Keith Peacock na Charlton Athletic shi ne na farko da ya shigo ta wannan ƙofa, ranar 21 ga Agusta, 1965. Ba a jima ba aka fara zargin cewa 'yan wasan da ba sa taɓuka komai su ne ke kamuwa da ciwo daidai lokacin da koci ke so. Alƙali kuwa ba likita ba ne, ba shi da hanyar gane ciwon gaske da na ƙarya. A 1967 aka sallama, aka ce a yi canjin bisa kowane dalili. Darasin da masu dokar ƙwallo suka ɗauka daga nan ya bi su har yau: duk ƙofar da aka buɗe don mai rauni, mai wayo zai bi ta cikinta.

Mace-mace biyu a 2002

A watan Janairun 2002, Jeff Astle, tsohon ɗan wasan gaba na West Bromwich Albion da Ingila wanda ya yi suna wajen cin ƙwallo da ka, ya rasu yana da shekara 59 bayan fama da cutar mantuwa. Jami'in binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa ciwon sana'a ne ya kashe shi, wato yawan bugun ƙwallo da ka. A watan Satumbar shekarar, a birnin Pittsburgh na Amurka, Mike Webster, tsohon tauraron ƙwallon Amurka ta NFL, wadda ake bugawa da hular kwano, ya rasu yana da shekara 50. Likitan da ya binciki gawarsa ɗan Najeriya ne, Bennet Omalu, haifaffen jihar Anambra ta yanzu. Ya gano lalacewar ƙwaƙwalwa irin wadda aka sani a wurin 'yan dambe, cutar da ake kira CTE, ya wallafa bincikensa a 2005. Likitocin kwamitin NFL suka nemi a janye rubutun, ba a janye ba.

Abin da ya motsa NFL daga ƙarshe shi ne kotu. A 2013 ta amince ta biya dala miliyan 765 don sasantawa da tsofaffin 'yan wasa sama da 4,500, daga baya ma aka cire iyakar kuɗin. A wannan shekarar ta fara ajiye likitan ƙwaƙwalwa a gefen fili wanda ba ma'aikacin kowace ƙungiya ba ne. Tana kuma da masu sa ido a saman filin da ke kallon bidiyo, waɗanda tun 2015 aka ba su ikon dakatar da wasa idan suka hango wanda ya bugu.

Ƙwallon ƙafarmu ta yi jinkiri. Sai a 2014 Dokta Willie Stewart na Glasgow ya sake duba ƙwaƙwalwar Astle, ya tabbatar CTE ce. A 2019 tawagarsa ta fitar da bincike kan tsofaffin ƙwararrun 'yan wasan Sikotilan 7,676, wanda ya nuna haɗarin mutuwarsu ta cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ya ninka na sauran jama'a kusan sau uku da rabi.

Minti uku da likitan gida

Ranar 3 ga Nuwamba, 2013, gwiwar Romelu Lukaku ta daki kan Hugo Lloris a wasan Everton da Tottenham. Lloris ya suma, ya farfaɗo, ya ƙi fita, koci André Villas-Boas ya bar shi ya ƙarasa. A Kofin Duniya na 2014, kafin abin da ya sami Kramer, gwiwar Raheem Sterling ta sumar da Álvaro Pereira na Uruguay. Likita ya yi alamar a canja shi, Pereira ya tashi yana kaɗa yatsa cikin fushi, aka ƙyale shi har ƙarshen wasa.

Bayan wannan gasa FIFA da UEFA suka kawo doka: alƙali na iya tsayar da wasa har minti uku idan ana zargin girgizar ƙwaƙwalwa, kuma maganar likitan ƙungiya ce ta ƙarshe. Gasar Firimiya ma ta ɗora hukuncin a hannun likitan kulob. A takarda abin ya yi kyau, amma lissafinsa bai fita ba. Gwajin da likitoci suka yarda da shi yana buƙatar aƙalla minti goma a wuri mai natsuwa. Idan likita ya fitar da ɗan wasa don ya yi gwajin yadda ya kamata, ƙungiyarsa za ta buga da mutum goma. Idan aka canja shi, an ci ɗaya daga cikin canji uku da ake da su a lokacin. Ta kowace fuska, ƙungiyar da aka ji wa rauni ita ke biyan tara, wadda ta ji raunin kuma ta ci riba. Dokar da ke hukunta wanda ya bi ta, da wuya a bi ta.

Sannan likitan nan albashinsa daga kulob yake fitowa. A watan Agustan 2015, a wasan Chelsea da Swansea, likitar Chelsea Eva Carneiro da abokin aikinta Jon Fearn sun shiga fili duba Eden Hazard bayan alƙali ya kira su. Chelsea na da mutum goma a lokacin saboda an kori Thibaut Courtois, kuma doka ta ce wanda aka duba sai ya fita na ɗan lokaci. José Mourinho ya soke su a bainar jama'a, aka cire su daga benci, Carneiro ta bar aikin, sai a 2016 aka sasanta ƙararta. Ba raunin kai ne Hazard ya ji ba, amma kowane likitan kulob a duniya ya ga abin da ya faru.

A Kofin Duniya na 2018, Nordin Amrabat na Maroko ya bugu a kai a wasansu da Iran ranar 15 ga Yuni. Duniya ta ga ma'aikatan lafiyar tawagarsa suna fesa masa ruwa suna ɗan marinsa don ya dawo hayyacinsa. Ya kwana a asibiti, ya ce bai tuna wasan ba. Shawarar FIFA ita ce hutun aƙalla kwana shida. Bayan kwana biyar ya fito wasan Fotugal da hular kariya, wadda ya cire ya yar ana cikin wasa. Shawara ce kawai, babu hukunci a bayanta.

Canjin da aka ƙara

Ranar 29 ga Nuwamba, 2020, David Luiz na Arsenal da Raúl Jiménez na Wolves suka yi karo da ka. Ƙoƙon kan Jiménez ya fashe, aka wuce da shi asibiti. Luiz aka naɗe masa kai da bandeji, jini na ɓullowa, ya buga har hutun rabin lokaci. A watan Disamba, hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta amince a gwada ƙarin canji na musamman don girgizar ƙwaƙwalwa. Hukumar tana nan tun 1886. Ingila, Sikotilan, Wales da Ireland ta Arewa kowacce na da ƙuri'a ɗaya, FIFA na da huɗu, kuma sai da ƙuri'a shida ake sauya doka.

Tsarin shi ne: wanda aka cire saboda zargin buguwar kai ba zai dawo wasan ba, kuma canjinsa ba ya cikin lissafin canjin da aka saba. Issa Diop na West Ham ne na farko da aka yi wa irin wannan canji a Ingila, a wasan Kofin FA da Manchester United ranar 9 ga Fabrairu, 2021. Shi ma sai da ya koma fili ya ƙarasa rabin farko kafin aka cire shi. A watan Maris na 2024 IFAB ta shigar da tsarin cikin dokokin wasa daga 1 ga Yuli: canji guda ga kowace ƙungiya, kuma idan ɗaya ta yi amfani da shi, abokiyar karawarta ma ta samu ƙarin canji guda. Wannan sharaɗi na ƙarshe jikan darasin 1965 ne, an sa shi don kada koci ya ƙirƙiri ciwon kai ya samu sabuwar ƙafa a fili.

Ƙungiyar 'yan wasa ta duniya, FIFPRO, da gasar Firimiya da ta Faransa da MLS ta Amurka sun nemi wani abu daban: canjin wucin gadi, a fitar da ɗan wasa na kimanin minti goma a gwada shi a ɗaki, wani ya riƙe masa wuri, idan lafiya lau ya dawo. Haka ake yi a wasan zari-ruga. A farkon 2023 IFAB ta ƙi. Hujjarta tana da ƙarfi: alamomin na iya jinkirta fitowa, don haka wanda ya ci gwajin minti goma ba lallai ne lafiyarsa ƙalau ba, kuma doka ɗaya ce za ta yi aiki daga Wembley har filin ƙauye inda babu likita. Tsoron maguɗi ma ba tatsuniya ba ne. A 2009, a wasan zari-ruga tsakanin Harlequins da Leinster, ɗan wasan Harlequins Tom Williams ya tauna ƙwanson jinin ƙarya don a samu damar dawo da gwanin bugunsu ta ƙofar dokar canjin mai zubar jini. Asiri ya tonu, aka dakatar da kocinsu Dean Richards shekara uku.

Masu neman canjin wucin gadi su ma suna da tasu hujjar. Idan hukuncin na dindindin ne, kuma minti uku kawai aka ba likita a gaban 'yan kallo dubu sittin, to zai fi karkata ga barin tauraro a fili. Abin da ya biyo baya ya ba su gaskiya fiye da sau ɗaya. A gasar Kofin Afirka a Kamaru, ranar 25 ga Janairu, 2022, Sadio Mané ya yi mummunan karo da golan Cape Verde, Vozinha, a Bafoussam. Golan ya samu jan kati, Mané ya ci gaba, ya ci ƙwallo, sannan ya kwanta a fili riƙe da kai, aka kai shi asibiti. Bayan kwana biyar ya buga wasan kusa da na kusa da ƙarshe, kuma shi ne ya buga fanaretin da ya ba Senegal kofin ranar 6 ga Fabrairu. Nasarar ta rufe bakin kowa. A Kofin Duniya na Qatar, ranar 21 ga Nuwamba, 2022, golan Iran Alireza Beiranvand ya yi karo da ɗan wasansu Majid Hosseini a wasan Ingila. Ƙarin canjin na nan kyauta, ƙungiyarsa ba za ta rasa komai a lissafi ba, amma aka bar shi ya ci gaba da hanci a kumbure, sai da shi da kansa ya kwanta ya nemi a fitar da shi. An gyara lissafin canji, ba a taɓa batun mai yanke hukunci ba.

Abin da Amurka ta biya

Ko likita mai zaman kansa ba ya rufe kowace ɓaraka. Ranar 25 ga Satumba, 2022, Tua Tagovailoa na Miami Dolphins ya bugu da ƙeya a ƙasa, ya tashi yana tangaɗi. Aka ce bayansa ne ke ciwo, aka mayar da shi wasa. Bayan kwana huɗu, a wasansu da Cincinnati, ya sake buguwa, yatsunsa suka ƙage a gaban kyamara, aka fita da shi a gadon ɗaukar marasa lafiya. Ƙungiyar 'yan wasan NFL ta yi amfani da ikonta ta sallami likita mai zaman kansa da ya duba shi a wasan farko. Cikin makonni biyu aka gyara dokar: duk wanda aka ga yana tangaɗi bayan buguwa ya gama wasan ranar, ko me aka ce ya jawo. A wasan Miami na gaba, wanda ya maye gurbinsa, Teddy Bridgewater, an cire shi tun farkon wasa bisa rahoton mai sa ido, duk da ya ci gwajin likita, kuma Miami ta sha kashi. Magoya baya sun yi ƙorafi, amma dokar ta yi abin da aka rubuta ta don ta yi.

Sana'ata rubuta manhaja ce, kuma abubuwa biyu da muke yi kullum sun sa nake kallon wannan tarihi yadda nake kallonsa. Na farko, wanda ya rubuta aiki ba shi ke amincewa da shi ba, sai wani ya duba kafin a sake shi ga jama'a. Ba don ana zarginsa da rashin gaskiya ba ne, sai don mai son aiki ya fita yau idonsa ba ya ganin aibinsa. Likitan kulob ma mutumin kirki ne a mafi yawan lokuta, amma an ɗora masa kaya biyu masu jan juna. Na biyu, duk tsarin da ke gano haɗari zai yi kuskure iri biyu: ko ya yi kururuwa babu komai, ko ya yi shiru alhali akwai. Ba a kawar da su duka, sai dai a zaɓi wanda za a iya ɗauka. Kuskuren Bridgewater wasa ɗaya ya ci. Na Tagovailoa ya kusa cin abin da ba a mayarwa. Shekara sittin ke nan masu dokar ƙwallon ƙafa suna tsoron kada mai wayo ya ci banza, fiye da tsoron kada mai rauni ya ci gaba da gudu.

Adalci a nan yana da sharuɗɗa uku da tarihin ya fito da su. Kada ƙungiyar da ta cire mai rauni ta koma baya a lissafi, kuma dokar 2024 ta yi nisa wajen gyara wannan. Mai cewa a fita ya zama wanda ba ya cin riba ko asara da sakamakon wasa, kuma wannan har yanzu yana hannun likitan ƙungiya. Sannan kwanakin hutu su zama doka mai hukunci, iri ɗaya ga tauraro da ɗan benci, a wasan sada zumunta da wasan ƙarshe. Akwai kuma wani giɓi da ya fi shafar nahiyarmu: IFAB ta bar wa kowace gasa zaɓin ɗaukar ƙarin canjin ko barinsa, likita mai zaman kansa da na'urar bidiyo kuwa kuɗi ne. Ɗan wasan da ke buga lig ɗin da ba a haskawa, kuma yake tsoron rasa rigarsa idan ya zauna mako guda, shi ne ya fi kowa buƙatar wani ya yanke masa hukunci.

Schürrle, wanda ya karɓi Kramer a daren nan, shi ne ya ba Mario Götze ƙwallon da ta ci wa Jamus kofi. Fitar da mai raunin bai hana su komai ba. Kramer yana da lambar zinariya a gida, kuma ya faɗa cewa mafi yawan abin da ya faru a rabin farkon wasan ba ya cikin kansa. Ni da na kalla daga kan benci a gidan kallo na fi shi tuna wasan, har da tafin da muka yi masa lokacin da ya dawo fili.